Kallon Inna a Cikin Waya

Duk wanda ya ari wayata sai ya dawo mini da ita yana tsaki. Nauyi ta yi, in ka taɓa abu sai ka zauna jira. Mai ɗakina ta gaji da magana, ta ce wayar ta zama juji, kuma gaskiyarta. Sikirinshot ne cike da ita, wato hoton abin da ke kan fuskar waya, wanda ake ɗauka in an danne maɓallin kashewa da na rage ƙara a tare. Ni mai sayar da taki da maganin feshi ne a kasuwar Ƙanƙara, sana'ar ce ta koya mini wannan hali. Manomi ya turo hoton ganyen masara da tsutsa ta ci, in danna. Dila ya sa sabon farashi, in danna kafin ya canza baki. Sanarwar ɗaurin aure, ta rasuwa, addu'ar da wani ya ce a karanta da safe, duk dannawa nake. Da can in ta cika ina zama in share. Yanzu ba na goge ko ɗaya, mai son tsaki ya yi har ya ƙoshi.

Ni ɗan fari ne a wajen mahaifiyata. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya riga ya gane abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Faskari wajen kakata, can na yi wayo, can na yi makaranta. In an kawo ni gida Damari hutu, na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tukunya, ko tana kallon kaza, ko bango in babu komai kusa. Magana kuwa sai ta bakin wani. "Ku ce wa wancan ga tuwo nan." "Ku tambayi wancan ko ya yi salla." Da na girma na koma Ƙanƙara da zama sai na samu ƙarin girma, na zama "mutumin Ƙanƙara".

Kunya ce, na sani. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma a garinmu macen da ta ja ɗanta na fari a jiki sai an yi da ita a bakin rijiya. Kakata takan ce mini, "Kai mijin banza, mi kake kumbure-kumbure? Duk ƙosan da kake ci wa kake tsammani ke aiko da waken?" Na san da waken. Na san da man shanun da ke zuwa a kwalba ba a faɗi daga inda ya fito ba. Amma bari in faɗi gaskiya, abin ya ci mini rai ina yaro, kuma bai daina ci ba da na yi gemu. Ƙannena suna kwanciya a cinyarta tana cire musu ƙaya a ƙafa, ni ina daga bakin zaure kamar wanda ya zo sayen ƙuli. Na haura shekara arba'in ban san yadda idon uwata yake ba in yana kallona.

Da hanya ta lalace, zuwa Damari ya zama abin da ake shiryawa kamar tafiyar Makka. A tambayi direbobi, a jira ranar da motoci suka yi yawa, a yi addu'a. Daga zuwa duk wata na koma sau biyu a shekara. Shi ya sa na saya wa autarmu babbar waya. Ita aurenta a can Damari yake, a maƙwabta, katanga ce kawai tsakaninsu da Inna, kullum tana gidan. Muka yi ƙa'ida: duk Juma'a bayan la'asar zan kira. A gindin rumbun gero kaɗai sabis ke kamawa sosai, don haka can ake shimfiɗa tabarma. Auta ta riƙe waya, in gaida Inna, in ji muryarta daga gefe tana cewa, "Ki ce mishi lahiya lau. Ki tambaye shi yara."

Daga baya muka koma kiran bidiyo. A nan ne Inna ta yi kuskurenta. Ita abin da ta sani shi ne talabijin: kana ganin mutumin da ke ciki, shi ba ya ganinka. Ta ɗauka waya ma haka take. Ɗan ƙaramin hoton kanta da take gani a kusurwa kuwa, da ta tambaya, auta ta ce mata madubi ne. Auta tun tana ƙarama shaƙiyyiya ce, Allah ya shirye ta.

Wata Juma'a cikin damina muna cikin magana sai auta ta ce miyarta na ƙuna. Ta jingina wayar da turmi ta ruga. Ina ganin sararin tsakar gida, da igiyar shanya, da wata akuya tana cin ɓawon rogo. Sai na ga hoton ya girgiza, an ɗauki wayar. Fuskar Inna ta cika mini allo.

Ta kawo ta kusa da idonta sosai, ta ɗan ja baya, ta gyara zama. Tana kallona. Ido cikin ido, babu kauda kai, babu neman tukunya. Allah ya ba ni dabara ban yi shiru ba, na ci gaba da surutu kamar da auta nake, ina ba da labarin tsadar taki, ina maimaita abin da na riga na faɗa. Ranar akwai zafi, gumi ya tsattsafo mini a goshi. Sai na ga ta kama bakin mayafinta ta goga a gilashin wayar, daidai inda goshina yake. Ta goga sau biyu. Sannan ta ce a hankali, ita kaɗai, "Oh, har ya yi hurhura." Ta yi murmushi, irin wanda nake hangowa daga nesa in tana yi wa jikoki.

Yatsuna ne suka yi aikin da suka saba. Na danne maɓallan nan biyu, allon ya yi ɗan walƙiya, hoton ya shige. Ba a jima ba na ji takun auta, Inna ta yi maza ta mayar da wayar jikin turmi.

Na rufe shago da wuri ranar. Na zauna a kan buhun taki na buɗe hoton. Bai fito da kyau ba, sabis ɗin ƙauye ne, gefen fuskar ya ɗan dushe. Amma idanun sun fito. Ashe na hagun ya fara yin fari-fari, ban taɓa sani ba. Ashe girarmu iri ɗaya ce. A kusurwa ga ni nan ɗan mitsitsi, baki buɗe, ina zancen taki. Na yi kuka a shagon nan, ƙato da ni, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wata huɗu ina da wannan hoto ba wanda ya sani, har mai ɗakina. Ban tura wa kowa ba, ban kai an wanke mini a takarda ba, don mai wankin hoto zai gani. Ban ma ware shi a wani wuri na daban ba. Yana nan cikin tarkacen, tsakanin wani ganyen dawa mai cuta da sanarwar taron 'yan kasuwa, ni kaɗai na san inda zan gangara in same shi. Kullum in na buɗe shago kafin mutane su fara zuwa sai na duba.

Bakina ne ya ja mini. Da babbar salla na samu hanya na je Damari, muna zaune da auta a zaure ana ta raha, daɗi ya ɗebe ni na ce, "Zo ki ga wani abu, amma ki rufe bakinki." Wa ya aike ni. Ta gani, ta dafe ƙirji, ta ce in tura mata, na ce ko kusa. Kafin in mayar da wayar aljihu ta riga ta kai tsakar gida tana dariya. "Inna, ashe kallon Yaya kike a ɓoye? Ai shina ganinki, har ya ɗauke ki hoto."

Na ji lokacin da muciya ta faɗi. Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. Kwana biyu na ƙara a garin ban sake ganin ko bayanta ba. Abincina yana zuwa kan lokaci, har da naman da ta san ina so, amma ranar tafiya daga bakin ƙofa na yi sallama, daga ciki aka amsa. Na yi wa auta faɗan da ban taɓa yi mata ba, ta yi kuka, ta ce ita wasa take. Wasan da ya fasa tulu.

Juma'ar da ta biyo na kira ina ɗar-ɗar. Aka ɗauka. Muryar auta na fita tar, ina jin kaji, ina jin Inna daga kusa tana cewa a tambaye ni yara. Hoto kuwa babu. Duhu ne kawai, baƙi mai ɗan ja-ja a gefe. Na ce auta ta matsa kusa da rumbu, ta ce ai a gindinsa suke. Na kashe na sake kira, duhun dai. Juma'a ta gaba ma haka, da ta gaba da ita.

Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa ya san ni. Na zagi sabis, na zagi masu sabis, na zagi wanda ya sayar mini da wayar. Wata rana cikin fushi na yi sikirinshot ɗin duhun na kai wa mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya duba ya ce kyamarar gaba ce ta mutu, a kawo ya canza. Na faɗa wa auta ta ba direba ya kawo mini. Ta ce, "To, Yaya." Wata ya wuce. Na sake faɗa, ta ce, "To, Yaya." Kusan shekara muna haka. Duk Juma'a in zauna ina magana da baƙin allo, fuska a murtuke, in gaida Inna a gajarce, sauran lokacin in ƙare shi a kan auta da sakacinta. Wani lokaci ko minti biyar ba na yi nake kashewa. Ina ce wa kaina mene ne amfanin kiran bidiyo da ba a ganin kowa.

Bayan an gama girbin gero aka kira ni ranar da ba Juma'a ba, aka ce jikin Inna ya yi tsanani. Na bi motar farko. Na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya, ta rame har ƙashin kafaɗarta ya fito ta cikin zane. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Sannan ta ce wa auta, wadda ke zaune a gefen gado, "Ki ce wa mutumin Ƙanƙara, abin nan da ya ɗauka, ya goge shi."

Na ce, "Inna, ba wanda ya taɓa gani sai auta."

Ba ta juyo ba. "Ki ce mishi ba ni so in tahi in bar hotona ina ƙura wa ɗan fari ido kamar wadda ba ta da uwa. Jikoki za su gani. Ki ce mishi roƙonshi nike."

Tunda nake ba ta taɓa roƙona komai ba, ko allura. Na fito da wayar. Na gangara na samo hoton, na nuna wa auta don ta zama shaida, na danna gogewa. Auta ta ce, "Ya goge, Inna, na gani da idona." Inna ta ce, "Allah shi yi mishi albarka." Wannan ma ta bakin auta ta biyo, amma na karɓa.

Abin da su biyun ba su sani ba, lokacin da na danna, wani ɗan rubutu ya fito da Turanci a ƙasan allon. Ya ce an mayar da hoton kwandon shara, zai zauna can kwana talatin kafin ya ɓace gaba ɗaya. Auta ba ta karanta Turanci. Ni na karanta, na mayar da wayar aljihu na yi gum. Na karɓi albarkar uwata a kan aikin da na san ban gama ba.

Kwana tara bayan nan ta rasu, da hantsi, ranar Talata.

A zaman makoki, in mutane sun ɗan tsagaita, sai in zagaya bayan rumbu in buɗe kwandon sharar nan. Tana nan tana kallona. A ƙasa ga wurin dannawa biyu, ɗaya na mayarwa, ɗaya na gogewa har abada. In ɗora yatsa a kan na mayarwa, in ji muryarta tana cewa roƙona take. In matsa kan ɗayan, in ji kamar zan sake binne ta. Har shaiɗan ya kawo mini wata dabara, wai in yi sikirinshot ɗin hoton a nan cikin kwandon, ka ga ai ban mayar da wanda na goge ba. Na ji kunyar kaina da wannan tunani. Na tambayi limaminmu a kaikaice, na ce wani ne ya yi wa mamaci alkawari. Ya dube ni ya ce, "Alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa ba ya nan balle ya yafe." Na san haka tun kafin in tambaya.

Da na ga abin zai haukata ni sai na yanke wa kaina shawara. Ba zan ƙara buɗewa ba sai ana saura kwana biyu wa'adin ya cika, a ranar in zauna in yi abu ɗaya, ko wanne ne. Na koma Ƙanƙara na buɗe shago.

To a gidan da aka yi rasuwa, lissafin kwana daga ranar rasuwar yake farawa. Kwana uku, kwana bakwai, yau kwana goma sha biyar da Inna, haka kowa ke faɗa, haka ni ma nake faɗa wa masu zuwa yi mini gaisuwa a shago. A haka talatin ɗin nan ta bi ta manne a kan ranar Talatar. Ni da nake lissafa wa manomi yawan murfin magani a tankin feshi ban taɓa kuskure ba, na manta da kwana taran da suka riga suka wuce. Ranar da Inna ta cika kwana ashirin da takwas na yi alwala, na rufe shago, na zauna a kan buhu na buɗe kwandon. Babu komai a ciki. Ya yi sati da tafiya.

Na kai wa mai gyara, ya jujjuya, ya ce wannan sai dai haƙuri. Har yau ban san abin da zan danna ba da na same shi. Ina so in ce da na cika alkawari, amma ban sani ba, kuma yanzu ba yadda zan sani. Waya ce ta cika mini shi ina can ina sayar da taki.

Na koma Damari sadakar arba'in da wannan ƙullin a ciki, kuma a kan auta na sauke shi. Bayan an watse, mata na wanke tukwane, na same ta a gindin rumbu tana tattara tabarmi. Na ce da ta kawo wayar nan an gyara, da na samu shekara guda ina ganin uwata ko daga nesa ne, ko bayanta ne. Na ce sakacinta ne ya cuce ni, da bakinta da sakacinta. Na faɗi maganganu da yawa. Ta bar ni na gama, ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ciro wayar daga ƙugunta, ta buɗe kyamarar gaba ta miƙo mini. Ga fuskata nan tar.

Ta ce, "Lahiyarta lau, Yaya. Ba ta taɓa lalacewa ba."

Na ce, "To duhun nan fa?"

Ta ce, "Bayan ka tahi da sallar nan, ta kira ni ɗaki ta ce in nuna mata inda idon wayar yake. Na nuna mata. Ta ce in aka toshe shi kai ba ka ganinta? Na ce e. Ta ce ita fa, tana ganinka? Na ce tana gani. Shi ke nan. Duk Juma'a tun azahar take wanka ta zo nan ta zauna. Ita ke riƙe wayar, ta ɗora babban yatsanta a kan idon. Ni daga gefe nike maka magana. Ta ce in na hwaɗa maka ba ta yahe mini ba."

Na ce, "Duk faɗan da nake yi tana kallo?"

"Tana kallo. In ka kashe sai ta ce, yau ma ranshi a ɓace yake, ko kasuwa ce ba ta tahiya. Ran da ka daɗe kana magana kuwa har yatsan ya ƙage mata, sai na ja mata shi."

Na zauna a ƙasa, a nan gindin rumbun, ban ko nemi tabarma ba. Na tuna Juma'o'in da na kashe a minti biyar. Sai kuma na tuna da mai gyaran waya, na fito da tawa na fara gangarawa. Farashin taki, ganyen masara, ɗaurin auren wani da ban ma je ba, rasuwar wani, farashin taki. Na kusa rabin awa ina ja da yatsa, auta na tsaye a kaina. Da na yi sharar da na saba a watannin nan, da shi zan fara gogewa, don ba abin da ya fi shi kama da shara. Allah ya sa ƙiwa ta hana ni.

Na same shi. Baƙi ne, sai gefe guda da ya yi ja-ja inda hasken la'asar ya ratsa naman yatsan, ga kuma lallen da take sawa. A kusurwa ga ni nan, na haɗe gira, baki a ture, ina jin haushin sabis. Na miƙa wa auta, ta duba, ta rufe fuska da mayafi.

Yanzu shi nake buɗewa da safe kafin mutane su fara zuwa. Wani abokin ciniki ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, wayarka ta mutu ne?" Na ce a'a, na kife ta a kan buhu na auna masa takinsa. Mai ɗakina har yanzu tana cewa in rage tarkacen, ni kuma tsoro nake ji, ban san me kuma na ɗauka ban gane ba. Wannan dai Inna ba ta ce in goge ba.